Neman shawara kan horon Med-Peds a Amurka

Assalamu alaikum, manyanmu likitoci. Na ci USMLE Step 1 da Step 2 CK, wato jarrabawar neman lasisin likitanci a Amurka, takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ma tana hannu. Burina Med-Peds, horon ƙwarewa na shekara 4 da ya haɗa likitancin manya da na yara: wata 24 a ɓangaren manya, 24 a na yara. Masu sikila ne suka ja ra'ayina. Yaron da ka raina da hannunka ya girma, a tura shi ɗakin manya, babu wanda ya san tarihinsa.

Inda na maƙale shi ne wasiƙun shaida. Duk nawa daga likitocin manya suke. Yara kuwa, wata 3 kacal na yi a shekarar koyon aiki, ogana na lokacin kuma ya yi ritaya. Ga Satumba, lokacin tura takardun neman gurbin horon, ta ƙarato. In tura haka, ko in haƙura sai baɗi?