Muhawara: da gaske gidan Rothschild ne ke juya duniya?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare aka turo min wani bidiyo, har yanzu yana raina. Mai maganar ya ce duk wani babban banki a duniya na gidan Rothschild ne, Yahudawan nan masu banki, har da CBN ɗinmu. Wai su ke haɗa yaƙe-yaƙe don su ci riba.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Nura, mu fara da na gida. Dokar 1958 ce ta kafa Babban Bankin Najeriya, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, kuma gwamnatin tarayya ce mai shi ɗungurungum. Shugaban ƙasa ke naɗa gwamnansa, majalisar dattawa ta tantance. Na Ingila ma gwamnati ta mayar da shi nata tun 1946. In naira ta faɗi, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Alhaji Tanko: Allah gafarta Malam, a takarda ke nan. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa sunan gida ɗaya ke fitowa a kowane babban lamari?

Malama Binta: Alhaji, yana fitowa ne don sun taɓa yin ƙarfi na gaske, wannan ba a musu. Mayer Amschel Rothschild, wanda aka haifa a 1744, ya tashi ne a wani matsattsen layi a birnin Frankfurt na Jamus inda aka killace Yahudawa, ana kulle ƙofofin layin da dare da ranar Lahadi. Tsofaffin sulalla yake sayarwa, har ya samu shiga wajen yariman Hesse ya zama mai riƙe masa harkar kuɗi. Dabararsa ita ce 'ya'yansa maza biyar: Amschel ya zauna a Frankfurt, Nathan a Landan, James a Paris, Salomon a Vienna, Carl a Naples. Lokacin ba tangaraho, ba waya. Gidan da ke da ɗan'uwa amintacce a birane biyar, da 'yan aikensa na kansa, zai riga kowa jin labari, zai kuma iya biyan kuɗi a wata ƙasa ba tare da an ɗora zinariya a keken doki ba. Sarakunan Turai kuwa kullum cikin neman bashi suke.

Nura: To ai shi ke nan, Malama. A bidiyon an ce Nathan yana filin daga a Waterloo, ya ga an ci Napoleon, ya sheƙo Landan ya yi ƙaryar an ci Ingila, kasuwa ta rushe ya saye komai.

Malama Binta: Yaƙin a 1815 aka yi shi, kuma Nathan bai je filin ba. Labarin da ka ji ya fito ne a wata ƙasida da aka buga a Paris a 1846, shekara talatin da ɗaya bayan yaƙin, marubucin ya sa hannu da sunan "Shaiɗan". 'Yan Nazi suka ɗauko shi suka yi fim ɗin farfaganda da shi a 1940. Abin da ya faru da gaske shi ne gwamnatin Birtaniya ta ba Nathan aikin tattaro zinariya a kai wa sojojin Wellington, kwamandan Birtaniya a yaƙi da Napoleon, don a biya su albashi. Kwangila ce, ya kuma ci ribarta.

Alhaji Tanko: Suez fa? Wannan kuma ba bidiyo ba ne, a littafi na karanta.

Malam Sabo: Wannan kam gaskiyarku ce, Alhaji. A 1875 bashi ya shaƙe Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, ya sa hannun jarinsa na mashigin Suez a kasuwa, kusan kashi 44 cikin ɗari. Majalisar Birtaniya tana hutu, firaminista Disraeli yana tsoron kada Faransa ta riga shi, sai ya aika wajen Lionel, ɗan Nathan. Cikin ɗan lokaci aka ba shi fam miliyan 4, bankin ya karɓi la'ada fam dubu 100, har aka yi ta gunaguni a majalisa kan tsadarta. Shekara bakwai bayan nan sojojin Ingila suka mamaye Masar. Kuɗinsu kuma ya taimaki Cecil Rhodes ya haɗiye ma'adinan lu'ulu'u na Afirka ta Kudu, ya kafa kamfanin De Beers a 1888. Hannunsu dumu-dumu a mulkin mallaka, kamar sauran manyan bankunan Landan na lokacin, irin su Barings, wanda na Kiristoci ne amma ba a yi masa bidiyo.

Alhaji Tanko: Kun ga kun dawo hanya. Saura Falasɗinu.

Malama Binta: Ba mu gudu ba. Wasiƙar Balfour ta 2 ga Nuwamba 1917, wadda a ciki Birtaniya ta goyi bayan kafa wa Yahudawa gida na ƙasa a Falasɗinu, Walter Rothschild aka rubuta wa. Edmond na reshen Paris ya zuba kuɗi a matsugunan Yahudawa a Falasɗinu tun daga 1882, ɗansa James kuma ya bar wasiyyar kuɗin da aka gina majalisar Isra'ila. Amma Alhaji, wa ya sa hannu a wasiƙar? Balfour, sakataren harkokin wajen Birtaniya, bayan majalisar ministoci ta amince, don lissafinsu na yaƙi da Daular Usmaniyya. Bayahude ɗaya tilo da ke cikin ministocin a lokacin, Edwin Montagu, shi ne ya fi kowa adawa da ita. Wani ɗan gidan Rothschild ɗin ma ya shugabanci ƙungiyar Yahudawan Birtaniya da ta ƙi ra'ayin Sahayoniyanci, wato kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu. In aka ce "Yahudawa ne suka yi", an yi musu kuɗin goro, an kuma wanke gwamnatin da ta ba da ƙasar da ba tata ba.

Hadiza: Ni tambaya ɗaya gare ni, Baba Alhaji. Mai juya duniya yana rasa kujerarsa? An zaɓi Lionel ɗan majalisar Birtaniya a 1847, aka hana shi zama saboda rantsuwar sai da "imanin Kirista na gaskiya". Shekara goma sha ɗaya ana sake zaɓensa yana komawa gida, sai 1858 ya zauna. Reshen Naples ya rufe a 1863, na Frankfurt a 1901. A 1938 'yan Nazi suka kama Louis Rothschild a Vienna, suka tsare shi sama da shekara, bai fito ba sai da aka ƙwace dukiyar gidan. Bankinsu na Paris kuma gwamnatin shugaban Faransa Mitterrand ta ƙwace shi a farkon shekarun 1980, sai daga baya suka kafa wani sabo.

Nura: Amma Macron a bankinsu ya yi aiki, wannan na tabbata.

Malam Sabo: Ya yi, daga 2008 zuwa 2012. Pompidou ma ya yi kafin ya zama shugaban Faransa. Suna da kusanci da masu mulki har gobe, sana'arsu ke nan: ba gwamnatoci da kamfanoni shawara kan saye da sayarwa da bashi. Amma in girman kuɗi ake magana, ka ajiye su kusa da JPMorgan na Amurka ko manyan bankunan gwamnatin China, sai ka ga kanti a gefen kasuwar Kwari.

Alhaji Tanko: To, na janye maganar CBN da ta Waterloo. Ta Balfour kam ina nan, sunansu na kan takardar.

Malama Binta: Yana kai, Alhaji, a sama. Na Balfour ne a ƙasa.

Nura: Matsalata yanzu na riga na tura bidiyon zuwa zaure huɗu, har da na surukaina.