Wace tutar Danmak ya dace in saya wa sandar da ke farfajiyar gida?

Baƙon Jutland ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Gidan da muka koma a wajen birnin Esbjerg yana da sandar tuta mai tsawon mita 8 a farfajiya. 'Yata za ta kammala sakandare a watan Yuni, kuma a nan al'ada ce a ɗaga Dannebrog, wato jar tutar Danmak mai farin gicciye, a irin wannan rana, don haka nake so in tanadi tuta kafin lokacin. Da na duba shaguna a intanet na tarar da iri uku: mai kusurwa huɗu, mai baki a tsage kamar wutsiyar tsattsewa, da wata siririya doguwa. Wacce ce ta halatta ga mai gida, wane girma ya dace da sandata, kuma wane yadi ne zai jure iskar teku? Sannan ina so in san ko zan iya ɗaga tutar Najeriya tare da ita.

Hajiya a Odense ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Mai kusurwa huɗu ita ce taka. Mai baki a tsage, wadda suke kira splitflag, ta gidan sarauta ce da hukumomin gwamnati da sojan ruwa, kuma ba a yarda mai gida ya ɗaga ta ba sai da izini na musamman, ko da kuwa shago ya yarda ya sayar masa.

Game da girma, sanda ce ke yanke hukunci. Ƙa'idar da ƙungiyar Danmarks-Samfundet take koyarwa, wadda tun 1908 take kula da al'adun tutar, ita ce tsayin tuta ya zama kashi ɗaya cikin biyar na tsawon sanda. Taka mai mita 8 tana neman tuta mai tsayin kusan santimita 160 da faɗin kusan 210, domin awon tutar 28 ne ga 37. Ka kuma lura da farin gicciyen: kaurinsa kashi ɗaya cikin bakwai ne na tsayin tutar, kuma yana matsowa wajen sanda, ta yadda jajayen filaye biyu na kusa da igiya za su zama murabba'i. Tutoci masu araha da ake ɗinkawa a waje sukan ɓata wannan awo, jan nasu kuma yakan yi haske fiye da kima, kuma ɗan ƙasa yana gane hakan daga bakin titi.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan awo, ni zan tsaya a kan yadi da ɗawainiya. A gaɓar yammacin yankin Jutland, inda Esbjerg take, ka manta da auduga, domin tana shan ruwa, ta yi nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba. Saƙaƙƙen foliyesta mai ɗan kauri ya fi, musamman wanda aka ɗinka gicciyensa maimakon a buga shi da fenti. Ka juya ta ka duba bakin da ke nesa da sanda, domin nan ne iska take kaɗawa, nan ne kuma zare yake fara warwarewa. Idan ba a ninka shi an bi da layin ɗinki fiye da ɗaya ba, ka mayar wa mai shago kayansa. Ranar da iska ta tsananta, ka bar babbar a ɗaki.

Abin da sababbin zuwa ba sa lissafawa shi ne hidimarta. Ba a ɗaga ta kafin ƙarfe 8 na safe, ana sauke ta da faɗuwar rana sai dai idan an haska ta da fitila, ba a barin ta taɓa ƙasa, kuma Danawa suna cewa wanda ya bar ta ta kwana a sama Shaiɗan yake ɗaga wa tuta. Saboda haka ne siririyar nan, vimpel, take da amfani: tana iya kwana a sanda dare da rana, tsawonta kuma rabin na sanda ne, wato mita 4 a wajenka. A ganina ka sayi biyun, siririyar ta zauna kullum, babbar ta fito ranar bikinku da ranaku irin su 5 ga Yuni, ranar tsarin mulkin 1849, da 15 ga Yuni, ranar da ake cewa tutar ta faɗo daga sama a yaƙin da Sarki Valdemar ya yi a Estoniya a 1219.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Yaya, batun tutar Najeriya yana buƙatar hattara. A 2023 kotun ƙolin Danmak ta yanke cewa tsohon hanin ɗaga tutocin ƙasashen waje ba shi da tushe a doka, sai majalisa ta yi sabuwar doka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Yanzu ba a ɗaga tutar wata ƙasa a kan sandar tuta sai da izinin 'yan sanda, ban da wasu da aka keɓe, kamar na ƙasashen Nordik (irin su Norway da Sweden), da Girinlan, da tsibiran Faro, da Jamus. Najeriya da Nijar ba sa cikinsu, saboda haka ka rubuta wa 'yan sandan yankinku da wuri, ka faɗi rana da dalilin bikin. Ƙananan tutocin tebur da na cikin falo ba su shiga wannan hani ba.