Rage tsawo a faɗa ba makami: waɗanda suka gwada da jikinsu su ba mu labari

Dogon Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin neman soja idan an buɗe ɗaukar kurata, kuma muna motsa jiki da asuba kusa da filin wasa na Pantami. Akwai wani tsohon soja da kan leƙo mu, maganarsa kullum ɗaya ce: "Rage tsawo, yaro!" Ni kuwa Allah ya yi ni dogo. In na rage tsawon sai in ji kamar an ɗaure min ƙafafu, cinyoyi na zugi, ba na iya matsawa ko'ina. Shin da gaske wannan yana hana a kayar da mutum, ko al'adar horo ce kawai? Don Allah kowa ya faɗi abin da jikinsa ya gani, ban da na bidiyo.

Samanja mai ritaya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya ya gaya maka. A Depot na Zariya, inda ake horar da kurata, aka fara nuna mana. Malamin ya jera mu ya ce kowa ya ƙame kamar a fareti, diddige a haɗe, gwiwa a miƙe. Ya bi layi yana dungurin ƙirjinmu da yatsu biyu, babu wanda bai yi taga-taga ba, har da ƙattin da muke tsoro. Sai ya ce ƙafar hagu gaba, dama baya, tazara kamar faɗin kafaɗa, a saki gwiwa, a sauke ƙugu. Ya dawo yana turawa da tafin hannu gaba ɗaya, mutum na nan daram.

Inda na ga ranarsa kuwa a shingen bincike ne. Wani mutum da ransa ya ɓaci ya yi wuf ya cafke igiyar bindigar yaron da ke tare da ni, ya fizga. Da yaron a miƙe yake, da ya bi bindigar ya kifa. Sai ya zauna a kan ƙugunsa, ya manne bindigar a ƙirji, ya ja da baya taku ɗaya. Mutumin ne ya zube a kan gwiwa. Ba a yi harbi ba, ba a ji wa kowa ciwo ba. Soja ba kokawa ya fito yi ba, ɗana. Abin da ake so ya tsaya da ƙafafunsa, makaminsa na hannunsa, ya samu tazara.

Amma ka lura, ƙugu ake saukewa, ba kai ba. Ku matasa da an ce rage tsawo sai ku duƙa kamar masu ruku'u. Wanda ya duƙa ya miƙa fuskarsa ga gwiwar abokin gaba, kuma da an taɓa ƙeyarsa ya tafi.

Malamin kimiyya, Yalwa:
Ranka ya daɗe Samanja, bari in ɗora kaɗan daga ɓangaren aji, don da ɗalibaina nake gwada wannan duk shekara. Kowane jiki yana da cibiyar nauyi. A mutumin da ke tsaye tana cikin ƙashin ƙugu, ƙasa da cibiya kaɗan, wajen kashi 55 cikin 100 na tsayinsa daga ƙasa. Mai tsayin santimita 170 tasa tana kusan santimita 94 kenan. Muddin layin da ya sauko daga wannan cibiyar ya faɗi tsakanin tafin ƙafafunka, kana tsaye. Da ya fita waje, ko ka yi taku ko ka faɗi, babu na uku. Buɗe ƙafa yana faɗaɗa filin, sauke ƙugu kuma yana sa sai an karkatar da kai sosai kafin layin ya fita. Duk wanda ya san lodin mota a kasuwar Muda Lawal ya san haka: buhunan masara a ƙasa, kaya marasa nauyi a sama, in aka juya tsarin motar ba ta ƙare kwanar farko lafiya.

Abin da ɗalibai kan sha mamaki a kai shi ne, in ka buɗe ƙafa hagu da dama kawai, ka yi ƙarfi ta gefe amma ta gaba fanko ne. Turi ɗaya ka zauna. Shi ya sa ƙafa ɗaya take gaba.

Ɗan kokawa daga Dass:
Malam duk wannan lissafin mu a fili muka koye shi, da ƙasa a baki. Tun ina yaro bayan girbi muke kokawa, kuma dogaye su ne abincinmu. Ka shige ƙarƙashinsa, ƙugunka ya fi nasa ƙasa, ka ɗago, shi ke nan ƙafarsa ta bar ƙasa. Mutumin da ƙafarsa ba ta ƙasa ƙarfinsa na banza ne ko da buhu biyu yake ɗauka. Dogo, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka haɗu da gajere irina sauko ka same ni, in ba haka ba ni zan ɗauke ka.

Inda ban yarda da Baba Samanja ba shi ne faɗin kafaɗa. Ya yi kaɗan. Ni har sai cinyata ta kusa kwanciya.

Kofur, yana bakin aiki:
Ɗan kokawa, kai da gajeren wando da laya kake shiga fili. Zo ka sa sulke da hular kwano da but, ka rataya bindiga mai kilo 4, ka goya jaka, sannan ka kwantar da cinyar mu gani ko za ka tashi. Wannan ne abin da ba a gaya wa masu sha'awar aikin. Kayan nan, ban da but, duk a saman jiki suke, suna ɗaga cibiyar nauyin da Malam ya ambata, jakar kuma tana janta baya. Ranar da na fara hawan dutse da cikakken kaya, ƙaramin tuntuɓe ne ya kusa kai ni rigingine, abin da in ba kaya ko a jikina. Dole ka ɗan karkato ƙirji gaba, gwiwa a sake, taku gajeru.

Kuma ƙasar da kake kai tana da tata magana. A kan tsakuwa, ko taɓo lokacin damina, in ka baza ƙafa da yawa sai ta baya ta zame ka tsage. Ni rage tsawona bai wuce na tafin hannu ɗaya ba, sai lokacin da aka riƙe ni ko aka turo ni nake nutsewa sosai, da an sake ni kuma na dawo. Ba zama ake yi a can ƙasan ba. Dogo, ina jin abin da ke ɗaure maka ƙafa kenan, kana sauka ka tare.

Ɗan kokawa daga Dass:
To Oga, na ji wannan. Mu ba mai goya mana jaka.

'Yar judo, Gombe:
Yaya Kofur ya faɗi abin da na zo faɗa. A judo akwai tsayuwa iri biyu, ta ɗabi'a wadda mutum ke kusan miƙe, da ta kare kai wadda ake buɗe ƙafa a sauke ƙugu. Jigoro Kano, Bajapanen da ya kafa wasan a 1882 (sunan ne kawai, ba ɗan Kanon Dabo ba ne), ya gina shi a kan karya daidaiton abokin karawa kafin a jefa shi. Kuma wanda ya daskare a tsayuwar kare kai ba ya kai hari, alƙali hukunta shi yake. Ni na fi jin daɗin karawa da namijin da ya kafe a ƙasa yana taƙama ba ya tuɗuwa. Ba turawa zan yi ba, jansa zan yi ta kusurwar da ba ƙafa, ko in jira ya ɗaga ƙafa zai yi taku in share ta. Nauyinsa da ya sauke shi zai kai shi.

Sai dai kada a ɗauki tsayuwarmu a kai fagen soja yadda take. Tun 2010 aka fara hana kama ƙafa da hannu a gasa, shi ya sa za ka ga 'yan judo suna tsayawa a miƙe hankali kwance. A waje ba alƙalin da zai hana wani ya rungumo maka gwiwoyi.

Mai kallon dambe, Kumo:
Ni ban taɓa ɗaura zare ba, amma babu gidan damben da ya wuce ni. Ku duba tsayuwar ɗan dambe: ƙafafu a baje, garkuwa (hannun tarewa) a gaba, mashi (hannun duka) a baya, jiki a ƙasa. Dalili, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, wato an kayar da mutum. Sau da yawa ba ƙarfin naushin ne ke kayar da mutum ba, shi ne ya kai duka ya wuce da jikinsa gaba, aka goce masa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi, Bauchi:
Ni masu ciwon ne ke zuwa wurina, don haka ta nan zan yi magana. Ƙanena Dogo, zugin cinya ba komai ba ne, naman ne ke koyon aiki, zai saba. Wanda nake tsoro shi ne ciwo a gaban gwiwa ko cikinta. Matasan da nake gani da shi yawanci abu ɗaya suke yi: suna sauka gwiwa na faɗawa ciki tana kallon 'yar uwarta, diddige a ɗage. Gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suke kallo. Ka fara da tura ɗuwawu baya kamar za ka zauna a benci, gadon baya a miƙe, ido a gaba. In idon sawunka ya ƙage, ba za ka iya sauka ba tare da ɗaga diddige ba, sai ka riƙa miƙar da sha-raɓa a jikin bango kullum. Ka ƙara da tsayuwa a ƙafa ɗaya, ko ka tara yaran unguwa ku yi langa, ba wasa nake ba.

Samanja mai ritaya, Bauchi:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, da a zamaninmu akwai irinku kusa da gwiwoyina ba su zama haka ba. Kofur, tambaya gare ka: sulken da kuke sawa yanzu yana barin mutum ya lanƙwasa ƙugu kuwa? Na ga farantin gaban yana saukowa har mara a kan gajerun yara.

Kofur, yana bakin aiki:
Yallaɓai, in an ɗaure shi daidai yana bari. Saman farantin ya kamata ya zauna a ƙasan maƙogwaro, inda ƙasusuwan wuya suka haɗu, ƙasansa kuma ya tsaya sama da cibiya. Yara ne ke sassauta igiyar kafaɗa saboda zafi, sai ya zazzago. Da mutum ya zo sauka ya doki cinyarsa, gefen sama kuma ya tokare masa haɓa, dole ya miƙe. Kafin mu fita sintiri nakan sa kowa ya tsuguna sau ɗaya da kayansa, wanda farantinsa ya taɓa cinya ya koma ya gyara igiya.