Kirsimeti da ƙananan yara: ku faɗa mana yadda kuke yi a gidajenku

Maman Uku, Sabon Tasha, Kaduna

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Yarana uku ne: babbar shekararta 6, mai bi mata 3, sai na goye ɗan wata 8. Bara mun je gida Kagoro, muka zauna har aka yi bikin Afan, bikin gargajiyar mutanen Kagoro, ran 1 ga Janairu. Ran 23 ga Disamba muka tashi ta hanyar Kachia da Zonkwa, mota cike maƙil, ga ni da ciki, ƙaramar kuwa tun kafin Kachia take amai a kan cinyata. Muka dawo su biyun suna tari, sai da muka yi sati biyu muna fama. Bana maigida na so mu koma don Kaka ba ta ga jaririn ba tukuna, ni kuma zuciyata ta kasu biyu. Ga ɗinki, ga cefane, ga sujadar dare. Don Allah masu ƙanana irin nawa, yaya kuke yi?

Maman 'Yan Biyu, Jos

Ƙanwata, maganar sanyi zan yi miki, don mu nan a cikinsa muke. 'Yan biyuna sun cika shekara 4. Da zarar hazo ya sauko nake daina musu wankan sassafe, sai rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi, in mulke su da man kaɗanya har tafin ƙafa da leɓe saboda faso. Daren 24 ga wata kuwa kowa da hular sanyi da safa, in ɗauki bargo ɗaya mu tafi coci. Kafin mawaƙa su yi waƙa ta uku sun yi barci a kan benci.

Abin da nake roƙonki, in kun je gida kada ki yarda a shigar muku da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Surukata ta taɓa yi mana haka don tausayin jikoki. Cikin dare na farka kaina kamar zai rabe, na taɓa ɗaya daga cikin yaran na ji jikinsa laƙwas. Da gudu na buɗe ƙofa na fito da su tsakar gida. Allah ne ya tsare. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum. A ɗumama ɗakin tun da wuri, a fitar da kaskon wutar kafin a kwanta.

Tela ne ni, Kasuwar Barci

Hajiyoyi da iyayenmu mata na coci duk muna yi musu ɗinki. Maman Uku, kawo yadin yara tun Nuwamba. Wanda ya kawo ran 18 ga Disamba ya samu layi a gabansa, ga wuta ba tabbas. Ki ce a bar wa rigar ƙaramar lanƙwasa a ƙasa, in ta ƙara tsawo a warware, ta kai ta har Ista.

Baban Gida, Billiri

Mu a unguwarmu watanda muke yi. Magidanta goma sha biyu muke zuba kuɗi kowane wata tun daga Yuni, sai ran 24 a yanka sa da asuba a yi kashi-kashi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaza ma ta fi ƙarfin wasunmu, amma da wannan dabarar babu gidan da ba a ɗora tukunyar nama. Ɗana mai shekara 5 shi ke riƙe mini roba a wurin rabo, ya dawo gida yana ba uwarsa labarin wanda ya samu hanta. Maman Uku, ki gaya wa maigidanki ya shiga irin wannan a can gida tun yanzu, zai rage masa nauyi.

Sai maganar nokawut. Shekaranjiya ɗan maƙwabcinmu ya kunna ɗaya bai tashi ba, ya koma ya ɗauka, ya fashe masa a hannu. Yatsu biyu sun ƙone. Ni na hana a gidana, kuma in yara sun samo kuɗin barka da Kirsimeti uwarsu ke karɓa ta sa musu a asusu.

Malamar makarantar Lahadi, Wusasa

Shekara 9 ke nan nake koya wa ƙanana wasan haihuwar Almasihu. Iyaye, ku daina tsorata su da cewa kada su kunyata ku. Bara wata 'yar shekara 4 aka ba ta ta zama mala'ika, aka naɗa mata farin zani, ayarta Luka 2:10. Sati uku tana haddacewa, ba ta kuskure ko sau ɗaya. Ranar da ta hau gaban jama'a ta ga coci cike, sai bakinta ya mutu, idonta ya kawo ruwa. Uwarta ta taso daga cikin Zumuntar Mata ta durƙusa a gefenta, ta raɗa mata kalmar farko. Yarinyar ta ɗaga kai ta ce, "Kada ku ji tsoro," da ƙarfi har na bayan coci suka ji. Bana ita ta fara zuwa ta ce in ba ta Maryamu.

'Yarki mai shekara 6 ta isa a ba ta aya, Maman Uku, ko a can gida kuka yi bikin. Mai 3 ɗin a sa ta cikin tumaki, su ba sa magana.

Wata uwa daga Maraɗi

Mu a nan Nijar ba mu da yawa, a layinmu gidanmu kaɗai ke yin Kirsimeti. Ran 25 tun asuba nake dafa shinkafa da miya, in zuba a kwanuka tara, in ɗora cincin a kan kowane murfi. Yarana biyu ke kai wa maƙwabta, babban ya ɗauki kwano, ƙaramar ta riƙe masa gefen riga. Namanmu wurin mahauci Musulmi muke saye don kowa ya ci hankali kwance. Kwano ba ya dawowa haka nan: wata ta sa dabino, wata goro, wata dala ashirin ta yara. In Babbar Salla ta zo kuma soyayyen naman layya har ya yi mana yawa.

Kaka, Zonkwa

'Yata, jikokina bakwai ne, bari in yi magana a madadin surukarki. Mu da ke gida tun watan Oktoba muke lissafin kwanaki. Na ajiye acca, na ware zakaran da ba wanda zai taɓa sai sun zo. Amma ban taɓa jin haushin wadda ta ce jaririnta ba zai iya hanya ba. Shekarar da matar ɗana ta haihu gab da biki, ni na shiga mota na same su a Kaduna da buhun acca da zakarana a kwali. Na yi musu gwate, na goya jariri ta samu ta yi kitso ta je sujada. Ki yi wa surukarki waya da kanki, ki gaishe ta, ki faɗa mata abin da ke ranki. Kada ki bar maganar a bakin mijinki kawai.

Maman Uku, Sabon Tasha, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Mama ta Zonkwa, na bi shawararki na kira surukata jiya da yamma. Ta ce ƙafarta ba za ta iya zaman mota ba bana, amma mu taho ran 20 kafin tasha ta cika, za ta sa a gyara mana ɗakin da rana ke shiga. Na gaya mata labarin garwashin Maman 'Yan Biyu, ta ce barguna za ta aro. Yadin yara yana wurin tela tun safe. Malama, don Allah ki turo mini ayar da za ta dace da babbar, mu fara haddacewa daren nan.