Matata ta rasa aiki a Kazan: ta karɓi na kanti ko ta jira?

Baban Amina: Salamu alaikum 'yan uwa. Matata 'yar Rasha ce, a birnin Kazan na ƙasarsu muke zaune, a kamfanin yawon buɗe ido take aiki. Tun da Putin ya ce a zauna gida saboda cutar korona a ƙarshen Maris 2020 aka ba ta hutu ba albashi, daga baya aka sallame ta. Yanzu ta samu aikin karɓar kuɗi a wani kanti, rabin albashinta na da. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba, tana kwana tana wuni ba ta magana, ko shayi sai na matsa. Ta karɓa, ko ta jira harkarsu ta farfaɗo?

Dan Zinder: Ta je ta yi rajistar marasa aiki, a 2020 har rubul (kuɗin Rasha) 12,130 aka ba mutane.

Baban Amina: Ta yi tun tuni, malam. Ka karanta tukuna.

Injiniya Mosko: Mu nan Mosko 19,500 aka ba mutane. Amma bari ku ji. Maƙwabcina direba ne, shekararsa hamsin da wani abu. Shugabansu ya tilasta shi ya rubuta cewa da kansa ya ajiye aiki. Mutumin da kullum yake gyaran motarsa a tsakar gida yana tsokanar yara, ya koma sha tun da safe. Matarsa ta kwashe yaran ta koma gidan uwarta. Na gan shi a bakin lif da silifas ƙafa ɗaya, bai ma gane ni ba. Zaman banza ne ya cinye shi, wallahi.

Hajiya Belgorod: Innalillahi. Amma ba kowa ba. Mai gidan da nake haya ta koma gonarta ta bayan gari, ta shuka dankali da kokwamba, ta ce ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin bana ba.

Injiniya Mosko: Hajiya, mai fansho da gida biyu ai ba ta cikin lissafi.

Dan Zinder: Baban Amina, ka koya mata tuwo ku buɗe gidan abinci. Ni ne kwastoma na farko, bashi.

Sadiq likita: Ku bar wasa. Rashin magana da ƙin cin abinci ba ƙaramin abu ba ne, a kai ta ta ga likita. Kuma a Kazan hayar ɗaki ɗaya rubul 15,000 ce, albashin kanti zai riƙe su.

Baban Amina: Wane 15,000? 22,000 nake biya.

Hajiya Belgorod: Sadiq, kai da kake aji uku a hostal, yaushe ka san kuɗin haya?

Sadiq likita: To ai gara su masu yara, har rubul 10,000 gwamnatin Rasha ta ba kowane yaro. Mu ɗalibai fa? Kuɗin tallafinmu daga gida shiru kake ji, da keke nake kai abinci cikin sanyin nan. Akwai wanda nasa ya shigo?

Dan Zinder: Ko sisi.