Neman kalma: me za mu kira "arthouse" da Hausa?

1/ Salamu alaikum. Masu sharhin fina-finai da masu fassara, ga aiki ya samu. Action ba ta ba mu wahala ba, fim ɗin faɗa muke cewa. Dirama ta daɗe da zama 'yar gida. Wadda ta ƙi zama ita ce arthouse, wato irin fim ɗin da darakta ke yi bisa salon kansa, ba don cin kasuwa ba. Tunda ba a raɗa wa abu suna ba a gan shi ba, na ɗauko fim guda mu gwada kowace kalma a jikinsa: Marlina si Pembunuh dalam Empat Babak, na ƙasar Indonesiya, wanda Mouly Surya ta ba da umarni, ya fito a 2017. Ma'anar sunan ita ce Marlina mai kisan kai, a babi huɗu.

2/ Marlina matar mamaci ce, tana zaune ita kaɗai a wani gida bisa tudu a tsibirin Sumba, gabashin Indonesiya. Gawar mijin na nan a kusurwar ɗaki, a zaune, naɗe cikin zane, domin a al'adar wurin jana'iza tana cin dabbobi da kuɗi, sai an tara ake yi. Wani tsohon banza mai suna Markus ya iso a babur, ya shige ya zauna kamar gidan ubansa, ya gaya mata hankali kwance cewa abokansa shida na tafe, za su kwashe dabbobinta, sannan su bakwai ɗin su kwana da ita. Kafin nan ta dafa musu miyar kaza. Ta dafa, ta zuba guba, huɗu suka kife a wurin. Markus bai sha ba, ya yi mata fyaɗe, ta fille masa kai da addarsa. Gari na wayewa ta rataya kan, ta kama hanyar ofishin 'yan sanda.

3/ Wanda ya ji wannan zai gyara zama, ya ɗauka irin The Raid ne, fim ɗin faɗa na Indonesiya na 2011, inda jarumi Iko Uwais ke karya ƙasusuwa hawa-hawa. Ina! Nan kyamara kafewa take yi daga nesa, ta ƙi motsi. Lokacin da mazan ke faɗuwa, Marlina ta ba su baya tana fuskantar mu, abin da ya bayyana a fuskarta bai wuce ɗan guntun murmushi ba. Duk sarar da ke cikin fim ɗin na kusan awa ɗaya da rabi, da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga ta. Wannan bambancin muke nema wa suna.

4/ Wani ya ce "gidan fasaha". Malam, wannan fassarar baƙi da baƙi ce. Asalin kalmar sunan ƙananan gidajen sinima ne da suka yawaita a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu nuna fina-finan Turai da na masu zaman kansu, daga baya sunan gidan ya koma kan fim ɗin. Mu ba mu da wannan tarihin. "Fim ɗin fasaha" ma bai tsira ba: yau Bahaushe na jin fasaha sai ya tuna kimiyya da kwamfuta. Kuma wa ya ce babu fasaha a dambe da tsalle na The Raid?

5/ "Fim ɗin 'yan boko" kuwa zagi ne, Yaya, kai ma ka sani. Kuma Marlina ta ƙaryata shi. Dubi babi na biyu. Motar haya a can babbar mota ce mai ɗaukar mutane da dabbobi tare. Marlina ta hau da kan mutum a hannu, fasinjoji suka watse, ta ɗora wa direba adda a wuya. Can gaba ga wata dattijuwa ta tare hanya da dawaki biyu na sadakin wani ɗan'uwanta, ta ce kai ko babu kai sai ta shiga, don in dawakin nan suka makara aure ya lalace. Ta zauna tana ta zuba da Novi, ƙawar Marlina mai cikin wata goma, kan haihuwa da halin maza, ga kai yana reto a gefe. Wace tsohuwa ce a ƙauyenmu za ta nemi digiri kafin ta yi dariyar wannan? Haka wurin 'yan sanda: suna buga ƙwallon tebur, ita tana zaune tana jira. Da aka zo ɗaukar bayani a keken rubutu, sai aka ce gwajin likita sai kayan aiki sun iso, ba yau ba, ba gobe ba. Ba a ɗaga murya ko sau ɗaya ba, amma zafin wurin ya fi na addar.

6/ Wata 'yar'uwa ta kawo "fim ɗin gasa", kuma tana da hujja. A bikin fina-finai na Cannes a Faransa aka fara nuna shi a 2017, Marsha Timothy da ta fito a Marlina ta ci kyautar jaruma a bikin Sitges na Sifaniya, fim ɗin ya kwashe kyautar Citra 10 a gasar fina-finan Indonesiya a 2018, kuma da kuɗin Faransa da Malesiya da Tailan a cikin aikin. Maganarki ta taɓo inda fim ɗin ke ciwo, 'yar'uwa. Akwai wuraren da tuddan Sumba da busasshiyar ciyawarsu suka yi kyau fiye da kima, har ka ji kamar alƙalan Turai ake yi wa kwalliya, talaucin wurin ya zama ado. Kiɗan ma na fina-finan kaboyi ne, shi ya sa masu sharhi suka yi masa laƙabi da kaboyin sate, wato tsirensu na can. Sai dai "gasa" ta faɗi inda fim ya je ne, ba ta faɗi yadda aka yi shi ba. Fim nawa aka yi a wannan salon da ko ƙofar gasa ba su gani ba?

7/ "Wanda ba na kasuwa ba": a'a. Mun ga ƙurar da "adabin kasuwar Kano" ta tayar tsakanin marubuta, ba ma neman wata.

8/ "Fim mai zurfi" da "fim ɗin hikima" yabo ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Muna buƙatar sunan da zai zauna a kan mai kyau, ya zauna a kan maras kyau. Marlina kanta ba ko'ina take da zurfi ba. Mazan cikinta kusan duk hoto ne a bango: mugu, wawa, ko matsoraci, babu wanda aka leƙa cikinsa. Gangar jikin Markus da ke bin ta ba kai tana kaɗa ɗan abin kiɗansa, ganin farko tsigar jiki na tashi, daga baya ba ta ƙara komai. Tsakiyar fim ɗin kuma yana jan ƙafa, har sai Novi ta karɓe ragama a babin haihuwa. Ni a ganina Dea Panendra da ta fito a Novi ita ce ran rabin ƙarshen.

9/ Shawarata: fim ɗin tsanaki. A tsanake aka yi shi, a tsanake yake so a kalle shi, kuma darakta ce ke jan akala ba mai sayen tikiti ba. Kalmar ba yabo ba ce zalla, domin kowa ya san tsanaki in ya yi yawa nawa yake komawa. Ku gwada a baki: "Marlina fim ɗin faɗa ne, amma na tsanaki." "Tsanakin ya yi yawa a babi na uku." "Ba na son fina-finan tsanaki, barci suke sa ni." Duka ukun sun zauna.

10/ Ɗan'uwa daga Damagaram ya tuna mana cewa abin ba baƙo ba ne: Oumarou Ganda na Nijar ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972 da Le Wazzou polygame. Gaskiya ne, Malam, sunan ne kawai ya makara. Ya kuma yi tambaya mai nauyi: fim ɗin arthouse mai gudu da hayaniya fa? Akwai su. Amsata ita ce tsanakin na mai yi ne kafin ya zama na tafiyar labari, kamar yadda maɗinki kan yi aiki a tsanake ko da keken na gudu. In ba ta gamsar ba, a kawo wadda ta fi, amma a fara gwada ta a kan jimlolin nan uku na sama, musamman ta ukun.