Tabulet, Netbuk ko Laftof: Taƙaitattun Shawarwari Daga Kumasi

A wata tattaunawa da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi a unguwar Aboabo, an tsaya ne kan na'urar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Masu goyon bayan tabulet mai allon shafawa sun kafa hujja da batir, domin tun iPad na farko da Apple ya fitar a 2010 ake samun kusan awa 10 da caji ɗaya, kuma duk wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ya san darajar wannan. Sun ƙara da cewa ba ta da nauyi, ga daɗin karatun Alƙur'ani da littattafan makaranta.

Ɗaliban KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuwa sun nuna cewa dogon rubutu a kan gilashi yana gajiyar da yatsu, sannan cikakkun manhajojin injiniyanci irin su AutoCAD sai a laftof suke tafiya yadda ya kamata, ga shi galibi ana iya canza mata batir ko a ƙara mata ma'ajiya idan ta tsufa. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi ga duk wanda rubutu ne aikinsa.

Ba a daɗe kan netbuk ba, wato ƙaramar laftof mai araha. Ta yi tashe bayan fitowar Asus Eee PC a 2007, amma injinta ba shi da ƙarfi, kuma yanzu tsofaffi ake samu.

An gargaɗi mai sayen na'ura ta hannu a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, da ya gwada batir da allo a gaban mai shago, ya kuma tabbatar ba a kulle iPad da asusun tsohon mai shi ba.